Akwatin Eilif

A tsibirin Senja, can arewacin Norwe,
iska ba ta zuwa hannu rabbana.
Gishirin teku take ɗaukowa,
ta bi ƙarƙashin ƙofa, ta hau bango,
ta nemi ƙarfe ta kwanta a kansa.

Mahaifina Eilif ya san halinta.
Bindiga ɗaya gare shi, ta farautar kaka,
amma burushinta bakwai a tsohon akwatin taba,
kowanne da gurbinsa, kamar haƙora a baki.
Ran rabon gado wana Sverre ya rataya bindigar.
Ni aka miƙo wa akwatin,
dangi na kallon ƙasa, wai an cuce ni.

Sun manta wa ke riƙe masa fitila
a dogon daren hunturu, da rana ke yaji wata biyu.
Yakan ce, Oddny, kawo na tagulla,
shi ne mai kankare dauɗa bai ci naman bututu ba.
Na roba mai laushi na ranar da aka jiƙa magani ne,
don maganin da ke narka ragowar harsashi
bai san ɗan gida ba,
in ya samu gashin tagulla, da shi zai yi kalaci.
Na baƙin ƙarfe kuwa, ko kyauta kar ki karɓa,
mai susar da ke barin gyambo.

A shagon Gunvor yakan daɗe yana juya burushi ɗaya,
ya murza gashin da babban yatsa,
ya duba karan tsakiya ko mai yin tsatsa ne,
ya gwada kaurinsa da bakin kwanson harsashi.
Wanda ya yi ƙanƙanta, wucewa zai yi bai gai da kowa ba.
Wanda ya yi girma, a hanya zai shaƙe.
Gunvor ta ce, mata kake zaɓe?
Ya ce, wannan ya fi, ita ce ta zaɓe ni.

Tura shi daga baya har ya leƙo waje,
kar ki juya shi a tsakar hanya,
gashin zai karye, ya kwanta, ba ya ƙara tashi.
Da an gama, bindiga ta sha mai ta koma ƙusa,
nan ne nasa aikin ke farawa:
ya wanke mai wankin,
ya karkaɗe, ya shanya kusa da murhu,
ba ya rufe akwati sai ya taɓa da leɓe
ya ji babu sauran danshi.

Hunturu biyu, sai ga Sverre a bakin ƙofa,
ƙanƙara a gemu, bindiga a bargo kamar mai jinya.
Na ɗaga bututun ga hasken taga.
Ja ya yi fure a ciki, ɗigo ɗigo,
ga zanen da burushin kasuwa ya tsaga,
wanda yake jefawa a jiƙe cikin aljihun jirgi.
Ya ce, ai ina gogewa.
Na ce, da me?

Ban ƙara ba. Na ɗora kofi a wuta,
na buɗe akwatin, warin mai da taba ya tashi,
har na waiga ko tarin Baba zan ji.
Na ɗauki na uku daga hagu,
wanda gashinsa ke tsaye har yau.

Ramin da tsatsa ta haƙa ba ya cikowa,
na faɗa masa, sauran dai za mu tsare.
Ya cire safar hannu, ya ja kujera kusa.
Na ce, riƙe mini fitilar.
Sama kaɗan.
Haka.